Bagaruwa a faranti: yadda ake auna ƙarfin maganin itace a kan ƙwayoyin cuta

Duk wanda ya taɓa tauna ɗanyar bagaruwa ya san baurinta. Baki ya ɗaure, harshe ya yi kaushi, miyau ya ɗauke. Sinadarin tanin ne ke yin wannan aiki, kuma shi majema suke nema idan sun daka bagaruwa sun tsoma fata a ruwanta: tanin yana kama furotin ɗin fata ya ɗaure shi tam, sai ruɓa ta rasa hanyar shiga. Na fara da wannan ne saboda yawancin itatuwan da ɗalibai ke kaiwa ɗakin gwaje-gwaje a Yamai don a auna ƙarfinsu a kan bakteriya, irin su bagaruwa da sabara da marke da kalgo da taramniya, duk masu bauri ne. Wanda ya manta da haka zai ga sakamako mai daɗin gani a farantin da ake renon bakteriya a ciki, ya ba shi ma'anar da ba tasa ba.

Aikin kuwa ya cancanci a yi shi da kyau. Ƙididdigar da mujallar Lancet ta buga a 2022 ta nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya sanadin bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi ƙamari shi ne namu, Afirka ta Yamma, da kimanin mutum 27 a cikin kowane 100,000. A nan ne kuma ake sayar da kafso ɗai-ɗai a tire a bakin titi, mutum ya sha biyu ya ji dama-dama ya bari. Sanin iyayenmu game da itatuwa yana nan a bakin masu magani, wani sashe ma an rubuta shi tun 1980, lokacin da tawagar Farfesa Adjanohoun ta wallafa bincikenta a kan tsirran magani na Nijar. Abin da ya rage shi ne awo na gaskiya.

Tun daga daji aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Garin da aka sayo ƙulle a leda a Katako ko Wadata bai dace da gwaji ba, domin babu mai iya tabbatar da itacen da aka daka, ko yaushe aka sassaƙo shi, ko an gauraya shi da wani. A bi mai magani ya nuna itacen a tsaye. A yanko reshe mai ganye, da fure ko ƴaƴa in akwai, a matse shi tsakanin takardu, a kai wa masana tsirrai na Jami'ar Abdu Mumuni su tabbatar da sunansa, a ajiye samfurin da lamba. A rubuta wuri da wata da sashen da aka ɗebo, don ganyen sabara na damina da na rani ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba, haka ma ɗanyar bagaruwa da busasshiya. Wajen neman rubuce-rubuce a nemi sunaye biyu: bagaruwa tana fitowa da Acacia nilotica da kuma Vachellia nilotica, marke da Anogeissus leiocarpa da kuma Terminalia leiocarpa. Sabara ita ce Guiera senegalensis. In ɓawo za a ɗiba, a sassaƙi gefe guda kawai. Itacen da aka zagaye da sassaƙa mutuwa yake yi.

A shanya a inuwa, inda iska ke ratsawa, a kan tabarma ko raga, ana juyawa kullum. Rana tana cin launi, tana kuma cin wasu sinadaran. Da rani kwana 7 kan isa ganye, ɓawo da saiwa sukan kai sati 2. Alamar bushewa ita ce ganye ya murmushe a tafin hannu, ɓawo ya karye da ƙara. Da damina a kula da fumfuna: duk abin da ya yi furfura a zubar, domin ita kanta fumfunar tana fitar da abubuwan da ke kashe bakteriya, sai a ɗauka ƙarfin itace ne. A daka, a tankaɗe da rariya mai laushi, a zuba a kwalba mai murfi.

Tatsar sinadaran hanya biyu ce, kuma ni a ganina bai kamata a yi ɗaya a bar ɗaya ba. Ta farko ita ce ta mai magani. In dafawa yake yi, a dafa: giram 50 na gari a ruwa mililita 500, a bar shi yana tafasa a hankali minti 15 zuwa 30, a tace. In jiƙo yake yi, a jiƙa. Wannan ne abin da mutane ke sha, don haka shi ne ya kamata a fara tambaya a kansa. Ta biyu ita ce jiƙo a etanol mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, wanda ke janyo abubuwan da ruwa zalla ba ya iya janyowa. In etanol ɗin da ke hannu mai 96 ne, a auna mililita 730 a cika da tataccen ruwa zuwa lita 1. Gari giram 100 a lita 1, a kwalba mai duhu a rufe ruf, ana girgizawa safe da yamma, awa 48 zuwa 72. A tace da ƙyalle mai tsabta tukuna, sannan da takardar tacewa Whatman lamba 1. A ƙafar da ruwan a zafin da bai wuce digiri 40 zuwa 45 ba, har ya koma danƙo ko gari. A auna nauyinsa: in giram 100 ya ba da giram 12, an samu kashi 12 cikin 100 ke nan, kuma dole a rubuta wannan adadi. A ajiye a firigo a digiri 4.

Kuskure biyu sun fi yawa a wannan gaɓa. Wasu ba sa bari etanol ya ƙafe sarai, sai ragowarsa ya kashe bakteriya a yaba wa itace. Wasu kuma, don gudun ƙazanta, sukan saka abin da suka tatsa a tukunyar tururi mai matsi. Zafin digiri 121 yana rusa sinadarai da yawa. Tafarnuwa ce misali mafi sauƙi: alisin, sinadarinta mai kashe bakteriya, wanda Cavallito da Bailey suka ware a 1944, ba ya samuwa sai an dandaƙa ɗanyar tafarnuwa, kuma wuta tana kashe shi. Hanyar da ta dace ita ce a narkar da abin, a tura shi ta matacin da ramukansa suke mikromita 0.22, wanda ke tare bakteriya.

Sai bakteriyar da za a gwada. A fara da sanannun iri waɗanda kowane ɗakin gwaji a duniya ya san halinsu: Staphylococcus aureus ATCC 25923, mai kawo maruru da ruɓar rauni, da Escherichia coli ATCC 25922, da Pseudomonas aeruginosa ATCC 27853. Bayan su ne za a ƙara waɗanda aka samo daga marasa lafiya, tare da bayanin magungunan da suka daina ji. Wannan aiki ne na ɗakin gwaji mai kayan kariya, irin na jami'a ko na cibiyoyin gwajin lafiya na Yamai, CERMES da LANSPEX. Ba a renon waɗannan ƙwayoyi a gida.

Abincin da ake shuka su a kai shi ne agar na Mueller-Hinton, gari ne da ake dafawa ya daskare in ya huce: giram 38 a lita 1, a dafa a tukunyar tururi a digiri 121 minti 15, a bari ya huce zuwa wajen digiri 45 ko 50, a zuba. Kaurinsa a faranti milimita 4 ne, wato wajen mililita 25 a farantin milimita 90. Mutane suna raina wannan ƙa'ida don tsimin agar, alhali ita ce ke riƙe da awon duka. In agar ya yi siriri, maganin zai bazu da nisa, zoben da ke kewaye da shi, inda bakteriya ta kasa tsiro, ya fito ƙato. In ya yi kauri, zoben ya tsuke. Haka ma yawan bakteriyar. Ana ɗibar ɗigo uku ko huɗu na bakteriyar da ta tsiro a shukar jiya, a kaɗa a ruwan gishiri mai kashi 0.85 cikin 100, har gurɓacewarsa ta yi daidai da ma'aunin McFarland 0.5, wato wajen ƙwaya miliyan 150 a mililita guda. Wanda ba shi da ma'aunin zai iya haɗa shi: mililita 0.05 na bariyom kulorid mai kashi 1.175 a cikin mililita 9.95 na asid sulfurik mai kashi 1. A riƙe kwalaben biyu gefe da gefe a gaban farar takarda mai baƙaƙen layuka, a duba ko layukan sun dushe daidai wa daida. Cikin minti 15 a shafa da tsinken auduga a kan agar, sau uku, ana juya farantin kowane karo don kada a bar gurbi.

Daga nan a huda ramuka masu faɗin milimita 6, a zuba mikrolita 50 a kowanne. Na fi son rami a kan ƴar takardar da ake jiƙawa a ɗora, don takarda tana riƙe tanin ta hana shi fita. Kowane faranti ya zama yana da shaidu biyu: rami guda da aka zuba wa abin narkarwar kaɗai, ruwa ko DMSO, wani sinadarin narkarwa, da kuma ƴar takarda mai ɗauke da mikrogiram 10 na jantamisin, antibiyotik na asibiti. Shaida ta farko bai kamata ta yi zobe ba ko kaɗan. Ta biyu kuwa zobenta a kan wannan Staphylococcus ya faɗa tsakanin milimita 19 da 27, a kan E. coli tsakanin 19 da 26. In ya fita daga nan, akwai abin da ya lalace a agar ko a yawan bakteriya ko a takardar, kuma duk farantan ranar ba su da amfani. A bar faranti a kan tebur kamar rabin awa maganin ya ratsa, sannan a saka a akwatin ɗumi a digiri 35, awa 16 zuwa 20.

A nan akwai matsalar da littattafan Turai ba su cika ambata ba. Akwatin ɗumi na yau da kullum ɗumamawa kawai yake yi, ba ya sanyayawa. A watan Afirilu da Mayu, da zafin Yamai ke haura digiri 40, ɗakin da ba shi da na'urar sanyi zai iya fin abin da aka saita akwatin a kai, allon yana nuna 35 cikin kuwa ya wuce haka. A saka ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa a ciki, a duba shi kowace safiya. In wuta ta ɗauke da dare na awoyi, a rubuta, a sake gwajin. Takardun antibiyotik su ma zafi da laima suna kashe su, don haka a firigo suke zama, kuma a bar kwalbarsu ta huce a rufe kafin a buɗe, kada raɓa ta sauka a kansu. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: a rufe taga, a goge tebur da alkol, a yi aiki dab da harshen wutar gas.

Washegari a ɗaga faranti a gaban haske. Inda bakteriya ta tsiro agar ya yi fari-fari kamar an shafa koko, kewayen ramin kuwa zobe ne garau. Na bagaruwa yakan zo da launin ƙasa-ƙasa, wani lokaci da wani hazo a bakin ramin, inda tanin ya haɗu da furotin ɗin agar ya daskare. Kada a ɗauki launi a matsayin zobe. A auna daga bayan faranti da ma'aunin milimita, faɗin duka har da ramin, kuma a duba da kyau ko akwai ƙananan ɗigo a cikin zoben. Kowane gwaji sau uku, a ranaku dabam-dabam.

To, a ce an samu milimita 18 da bagaruwa, jantamisin ya ba da 22. Nan ne ake yawan rubuta cewa itacen ya kusa kamo maganin asibiti, kuma wannan magana ce da ke damuna ƙwarai, don lissafi kaɗan ya isa ya rushe ta. In an narkar da miligiram 100 a mililita guda aka zuba mikrolita 50, miligiram 5 ke cikin ramin, wato mikrogiram 5,000. Takardar jantamisin 10 take ɗauke da shi. Ninki 500 ke nan. Ban da haka, girman zobe ya dogara da saurin tafiyar sinadari a cikin agar, wanda kusan duka ruwa ne. Abu mai maiƙo, ko mai manyan ƙwayoyi, yana iya zama mai ƙarfi sosai amma ya kasa matsawa daga bakin rami. Saboda haka zobe yana cewa ne kawai akwai wani abu a nan, a ci gaba. Ba ya faɗin ƙarfi, kuma rashinsa ba ya nufin babu kome.

Awon da ke faɗin ƙarfi shi ne neman mafi ƙarancin adadin da ke hana bakteriya tsiro, wanda ake taƙaitawa CMI a Faransanci. Ana yin sa a faranti mai ramuka 96. A narkar da miligiram 100 a mililita 1 na DMSO, a sirka kashi 1 da kashi 24 na romon Mueller-Hinton, wato abincin bakteriya mai ruwa-ruwa, a samu miligiram 4 a mililita. Kowane rami a zuba romo mikrolita 100. A ƙara mikrolita 100 na maganin a ramin farko, a gauraya, a ɗebi 100 a kai na biyu, haka har ƙarshen layi, a zubar da 100 na ƙarshe. Sannan a sirka ruwan bakteriyar nan na McFarland 0.5 sau 150, a zuba mikrolita 100 a kowane rami. Da haka ramin farko yana da mikrogiram 1,000 a mililita, na biyu 500, sai 250, 125, 62.5, har ƙasa, DMSO kuma bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, adadin da ba ya cutar da bakteriyar. A bar layi guda na romo zalla, guda na romo da bakteriya babu magani, guda na magani babu bakteriya.

Wannan layi na ƙarshe shi ne ke ceton aiki da itatuwa masu bauri. Ruwansu yana da duhu, yana kuma gurɓata romo da kansa, ido ba zai bambance tsiron bakteriya da daskararren tanin ba. Shi ya sa ake bin hanyar da Eloff ya bayyana a 1998: bayan awa 18 a ɗiga mikrolita 40 na rinin INT mai miligiram 0.2 a mililita, a mayar akwatin ɗumi rabin awa ko fiye. Inda bakteriya ke da rai ramin zai yi ja. Ramin da ya fi ƙarancin magani kuma bai yi ja ba, shi ne CMI. In layin da babu bakteriya shi ma ya yi ja, maganin ne ke juya rinin, sai a koma ga shuka. Shukar ce kuma ke raba hanawa da kashewa: a ɗebi mikrolita 10 daga kowane ramin da bai tsiro ba a shafa a sabon agar. Tun farko ƙwaya wajen 5,000 ke cikin wannan ɗigo, don haka in abin da ya tsiro bai wuce 5 ba an kashe 999 cikin 1,000.

Yaya za a karanta adadin? Ríos da Recio sun ba da shawara a 2005 cewa abin da aka tatso daga tsiro, in sai ya haura miligiram 1 a mililita yake aiki, kada a kira shi mai ƙarfi, wanda ya cancanci a bi sawunsa shi ne na ƙasa da mikrogiram 100. Siprofuloksasin, maganin asibiti, yana hana wannan E. coli tsiro da ƙasa da mikrogiram 0.02 a mililita. Kuma a yi tsammanin Staphylococcus ya fi jin maganin itace a kan E. coli da Pseudomonas. Waɗannan biyun suna da ƙarin fata ta waje da ke tare abubuwa da yawa, da kuma famfunan da ke fitar da abin da ya shiga. In aka ga akasin haka da tazara mai yawa, a fara zargin gwajin tukuna.

Sai tambayar da na fi so a yi: in an cire tanin, me ya rage? A ɗiga ferik kulorid mai kashi 1 a ruwan maganin. In ya koma baƙi mai shuɗi-shuɗi, tanin ne, irin baƙin da dukawa ke samu idan ruwan ƙarfe ya taɓa jemammiyar fata. A raba maganin biyu, a kaɗa rabi da garin PVPP wanda ke kama tanin, a tace, a sake auna CMI na duka biyun. In ƙarfin ya tafi tare da tanin, an san mai aikin. Wannan ba aibu ba ne. Tanin yana ɗaure furotin ɗin jikin bakteriya, yana kuma ƙwace ƙarfen da take bukata don girma. Amma ba ya zaɓe, duk furotin da ya tarar kamawa yake yi, har na abinci da na jini, kuma hanji ba ya tsotsarsa sosai. Ko da a ce ana tsotse shi duka, maganin da ke aiki a miligiram 1 a mililita zai bukaci giram 5 yana yawo lokaci guda a cikin lita 5 na jinin babban mutum. In kuwa ƙarfin ya saura bayan an cire tanin, nan ne ake da abin bi. Sabara, alal misali, ban da tanin tana da wasu sinadarai da ake kira alkaloyid, irin su harman, kuma rarrabe su ɗaya bayan ɗaya shi ne aikin da ke biye.

Wannan ya yi daidai da inda iyayenmu suka fi amfani da waɗannan itatuwa: kurkure baki da ruwan bagaruwa don dasashi mai jini, wanke rauni, asuwaki da marke. Duk wurare ne da magani ke taɓa ƙwayar cuta kai tsaye. Ciwon da ya shiga jini ko huhu ko ƙoda, ko sanƙarau, wani abu ne dabam, kuma babu sakamakon faranti da ya isa a jinkirta zuwa likita saboda shi. Yaro mai zawo kuwa, abin da ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne. Ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinki su ne farko ko da za a ba shi wani abu. Ɗanyar tafarnuwa da ke share faranti tas tana ƙona fata in aka ɗaure ta a kan rauni, kuma faranti ba ya nuna wa kowa abin da magani zai yi wa hanta ko ƙoda ko mai ciki. Gwajin guba aiki ne na kansa.

A rahoto a saka lambar samfurin tsiro, wuri da wata, yawan abin da aka tatso, miligiram nawa ke cikin kowane rami, sakamakon shaidun biyu, da CMI na dafaffen ruwa kusa da na etanol. Itacen da bai yi kome ba shi ma a rubuta shi, don kada wani ɗalibi ya ɓata wata uku da agar mai tsada a kansa baɗi. Farantan da aka gama da su kuma cike suke da bakteriya mai rai, wasu ma marasa jin magani. A ɗaure su a leda mai jure zafi, a saka a tukunyar tururi a digiri 121 na aƙalla minti 30 kafin su fita daga ɗakin, tsinken auduga da bakin bututun awo kuma su kwana a ruwan jabel.